Tafinta ko Ɗan Gari: Rigimar da Wasan LIMBO Ya Tayar

Yau zan ja ku zuwa wata unguwa da ba mu cika leƙawa ba, wato duniyar wasannin kwamfuta. Wanda bai taɓa buga ko ɗaya ba kada ya tsallake, domin maganar ta ciniki ce da alƙawari, kuma kowa ya taɓa sayen abu ya koma gida ya tarar ba haka aka faɗa masa ba.

A watan Mayun 2010 wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Wolfire Games ya fito da wata dabara. Ya tattaro wasanni biyar na ƙananan masu ƙirƙira masu zaman kansu, ya ɗaure su dami guda, ya sa masa suna Humble Indie Bundle. A ciki akwai World of Goo, Aquaria, Gish, Lugaru da Penumbra: Overture. Mai saye shi zai yanka wa kansa farashi, wani kaso ya tafi ga ƙungiyoyin agaji, wasannin kuma babu makullin hana kwafi a jikinsu. Sai alƙawarin da ya shafe mu: kowane wasa a damin zai yi aiki a Windows da Mac da Linux. An tara sama da dala miliyan ɗaya cikin kwanaki kaɗan. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne masu Linux, waɗanda aka daɗe ana yi wa kallon 'yan son banza, su ne suka fi kowa sakin hannu. Mai Linux ya biya kimanin dala 14, mai Windows kimanin dala 8.

To, a nan sai na tsaya na yi bayanin yadda wasa ke ƙaura daga wannan tsari zuwa wancan, don kan nan gardamar take. Wasan da aka rubuta domin Windows da harshen Windows yake magana. In yana son zana hoto a allo, ko fitar da sauti, ko buɗe fayil, da kalmomin Windows yake roƙo, Linux kuwa ba ya jin su. Hanya biyu ce. Ko dai a ɗauko asalin rubutun wasan a zauna a gyara shi, a sake gina shi ya iya harshen Linux da bakinsa, ya zama ɗan gari. Ko kuma a bar shi yadda yake a haɗa shi da tafinta, wata manhaja da ke tsayawa a tsakiya, duk abin da wasan ya roƙa ta juya wa Linux nan take. Shahararren tafintan shi ne Wine, wanda aka fara tun 1993, bai kuma kai ga fitowa ta ɗaya cikakkiya ba sai 2008. Shekara goma sha biyar ke nan ana koyon harshen da mai shi bai taɓa ba da ƙamusunsa duka ba.

Damina huɗu na farko sun wuce lafiya. Da aka zo na biyar, a ƙarshen watan Mayun 2012, sai ƙura ta tashi. Damin ya yi kyau ƙwarai: Amnesia, Psychonauts, Bastion, Sword & Sworcery, da LIMBO na kamfanin Playdead na ƙasar Denmak. Masu Linux suka biya, suka sauke LIMBO, suka kwance ƙunshin, sai ga fayil ɗin Windows a zaune, an naɗe shi cikin CrossOver, wato Wine na sayarwa wanda kamfanin CodeWeavers ke yi. Wasu ya yi musu aiki sumul, wasu ya ƙi. Aka yi ta cacar baki, har da takardar koke da mutane suka riƙa sa hannu. Masu kare lamarin suka ce da babu gara ba daɗi, in wasa ya buɗe ya gudana, ina ruwanka da abin da ke cikin cikinsa?

Ni ina tare da masu koken, amma dalilina ya ɗan bambanta da na mafi yawansu. Da yawa sun ɗauki abin kamar maganar tsarki, wai fayil ɗin Windows ƙazanta ne a kwamfutar Linux. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni lissafi ne. Wanda ya sayi damin ana ba shi fayilolin duka tsarin uku, har da na Windows. Wine kuma kyauta ne, mai Linux yana da shi ko zai iya saukewa cikin minti biyar. Ke nan abin da aka miƙa masa da sunan "na Linux" abu ne da zai iya haɗa wa kansa a ɗakinsa. Ya biya fiye da kowa ne don ya nuna akwai kasuwa, don a ɗauki mutum a biya shi ya yi aikin ƙaurar, kamar yadda aka biya Ryan Gordon ya yi wa Psychonauts a cikin wannan damin dai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma shaidar cewa koken ba shirme ba ne, a 2014 LIMBO ya fito ɗan gari a Linux, Gordon ɗin nan ne ya yi aikin.

Yanzu bari in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, don ba adalci ba ne in ɓoye. Shekarun da suka biyo baya sun fi yi wa tafinta kirki.

Kwanakin baya na tono wani tsohon dami da na saya tuntuni, na ce bari in tuna da. Na sauke fayil ɗin Linux na wani wasa a ciki, ɗan gari na gaske. Ya ƙi tashi. Yana neman wasu ƙananan kayan haɗi na sauti da hoto waɗanda aka daina sakawa a Linux na yanzu, ga shi kuma ginin tsohon tsari ne na bit 32. Na ɓata yamma guda da data mai yawa ina farautar su ɗaya bayan ɗaya. Da na gaji, sai na sauke na Windows na miƙa wa Wine. Bugu ɗaya ya buɗe, har da kiɗansa. Na yi dariya ni kaɗai, irin dariyar wanda aka kayar a gardamar da ya shekara goma yana yi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Microsoft ta ɗauki raya tsofaffin manhajoji a matsayin jari, saboda haka harshen da wasan Windows ya yi magana da shi a 2010 bai gushe ba, masu Wine kuma kullum ƙara ƙwarewa suke a kansa. A Linux, zuciyar tsarin tana da riƙon alƙawari, amma kayan haɗin da ke kewaye da ita suna sauyawa, kowane rukuni da nasa lokacin. Manhajar da rubutunta ke buɗe ba ta jin wannan, sai a sake gina ta kawai. Wasan da aka rufe rubutunsa, aka biya ɗan kwangila ya yi ƙaurar sau ɗaya ya kama gabansa, shi ne ke zama maraya. Masu Mac sun fi shan wuya ma: a 2019 Apple ta fitar da macOS Catalina ta daina karɓar manhajojin bit 32 gaba ɗaya, wasanni 'yan gari masu yawa suka mutu a dare ɗaya.

Sannan ga Valve, masu kasuwar Steam. A watan Agustan 2018 suka fito da Proton, wanda suka gina a kan Wine tare da CodeWeavers ɗin nan da aka yi wa ihu a 2012, suka haɗa da DXVK mai juya umarnin zane na Windows zuwa Vulkan. A 2022 suka fitar da Steam Deck, na'urar hannu mai Linux a ciki, wadda akasarin wasanninta ta bakin tafinta suke magana. Dubban wasanni da ba wanda zai taɓa yi wa ƙaura suka samu shiga. Wannan nasara ce, ba na musu. Tana da farashi dai: a 2021 kamfanin Feral Interactive, wanda ya yi suna wajen ƙaurar da manyan wasanni, ya ce ba zai kawo A Total War Saga: Troy zuwa Linux ba, ya kuma ambaci raguwar buƙatar 'yan gari tun zuwan Proton. Sana'ar mutane irin su Gordon da Ethan Lee, mai FNA, ita ce ke ƙanƙancewa.

To in haka ne, me ya sa ban janye ba? Saboda Proton na yau da naɗin LIMBO na 2012 sunan tafinta kawai suka haɗa. Proton yana da uwa a gindin murhu. Akwai kamfani mai kuɗi da ke biyan ma'aikata su sabunta shi, in wasa ya lalace a gyara, kuma ana gaya maka a fili cewa ta tafinta kake bugawa. Naɗin da ake sakawa a dami kuwa Wine ne na shekarar da aka naɗa shi, an daskarar da shi a ciki. Ba ya cin moriyar gyaran da aka yi bayansa, shi kansa kuma yana dogara da kayan haɗin Linux da ke tsufa. Ya kwashi ciwon ɗan gari, ya rasa lafiyar tafinta. Kuma dami marar makulli an yi shi ne domin mutum ya sauke ya adana a faifansa, ya buɗe bayan shekara goma ba tare da neman izinin wata kasuwa ba. In amsar ita ce "je ka Steam, Proton zai ji da kai", to an mayar da mai saye gidan da ya biya kuɗi don ya fita daga cikinsa. Mai Mac kuma ko wannan amsar ba shi da ita, don Proton ba ya aiki a can.

Akwai kuma abin da na lura da shi game da alƙawari: in ya fara sassautawa ba ya tsayawa. Ba na cewa LIMBO ne sanadi, amma wata shida bayansa, a Nuwamban 2012, Humble suka fitar da damin wasannin THQ wanda Windows kaɗai yake yi, kuma sai ta Steam. An samu kuɗi sosai, daga nan sharaɗin tsari uku ya zama na wasu damina kawai.

Da ni ke haɗa dami yau, ba zan tilasta wa mutum biyu da suka yi shekara uku suna gina wasa a ɗakin haya su koyi Linux ba. Zan ce su rubuta gaskiya a jikin kaya. In ɗan gari ne, a faɗi wanda zai kula da shi da kuma har zuwa yaushe. In tafinta ne, a rubuta "na Windows ne, an gwada shi da Wine lamba kaza", a ba mutum fayil ɗin tsirara ya haɗa da sabon Wine nasa, kada a manna masa hoton tsuntsun Linux kamar an yi aikin da ba a yi ba. Mai saye ya yanka farashi daidai da abin da ya gani. Masu gina wasa da injin da ke fitar da na Linux da danna maɓalli ɗaya su ma kada su ruɗi kansu, fitarwa daban, gwadawa da amsa koken mai saye daban.

Hanya ta uku tana nan tun a damin farko, an dai cika mantawa da ita. Da kuɗin ya haura dala miliyan ɗaya a 2010, masu Aquaria da Gish da Lugaru da Penumbra suka saki asalin rubutun wasanninsu ga jama'a. Lugaru, wasan zomo mai faɗa, 'yan sa kai suka karɓe shi suna gyarawa, har ya shiga rumbun manhajojin wasu rukunan Linux, inda ake sake gina shi duk lokacin da kayan haɗi suka sauya. A yammar da na sha wahalar nan na neme shi, na sauke, ya tashi ba tare da na roƙi kowa ba.