Wasiƙa ga masu aikin siraran fatun polima

'Yan'uwana masu bincike da ɗaliban da ke ɗakunan gwaji.

Roƙo ɗaya ya sa na rubuto muku: kada ku kwaso alƙaluman dunƙulen polima daga littafi ku ɗora su a kan siririyar fata. Da zarar kauri ya sauko zuwa 'yan gomomin nanomita, kayan da kuka sani sun soma sauya hali.

Ku dubi polistirin. A dunƙule, yana barin taurin gilashi ya fara laushi a wajen digiri 100 na Salshiyos, matakin da muke kira Tg. A 1994, Keddie da Jones da Cory a Jami'ar Kambirij suka shimfiɗa shi a kan silikon, suka ga Tg yana sauka sosai idan kauri ya gaza nanomita 40. A 1996 kuma, Forrest da Dutcher da abokan aikinsu a Jami'ar Guelph ta Kanada suka auna fatar da ke rataye babu abin da ta kwanta a kai, fuskokinta biyu duka a sake. Faɗuwar ta kai kusan digiri 70 a kaurin da ke wajen nanomita 30.

Dalilin yana fuskar fatar. Wanda ke tsakiyar cunkoson kasuwa ba ya iya juyawa, na bakin hanya kuwa yana da sarari. Haka sarƙoƙin polima da ke fuskantar iska suka fi na ciki walwala, kuma a siririyar fata rabonsu yana da yawa har ya rinjayi halin sauran. Ellison da Torkelson sun nuna a 2003 cewa wannan sassauci yana ratsawa ciki har gomomin nanomita.

Saboda haka, na farko, ku san abin da kuka shimfiɗa fatar a kai. Wata polima mai suna PMMA a kan zinare Tg ɗinta yana sauka, amma a kan silikon mai ɓawon oksaid yana ɗan hawa, domin sarƙoƙin suna kama fuskar su kafe. Polima ɗaya ce, kauri ɗaya, amma sakamako biyu. Duk wanda ya ba da rahoton Tg bai faɗi yadda ya wanke silikon ɗinsa ba, rabin labari ya bayar.

Na biyu, ku girmama tarihin fatar. Idan kuka ɗiga narkakkiyar polima a kan faifai mai juyawa, sinadarin narkarwa irin su tolwin yana tashi cikin 'yan daƙiƙu, sarƙoƙin su daskare kafin su natsu. Wannan matsin da ya rage yana iya sa fatar ta ɓule ta tattare zuwa ɗige-ɗige, abin da Günter Reiter ya daɗe yana nazari. Maganinsa gasawa sama da Tg a tanda marar iska. Sai dai gasawar ma tana canza fatar: Napolitano da Wübbenhorst sun nuna a 2011 cewa idan ta yi tsawo, sarƙoƙi suna ƙara mannewa a ƙasa, Tg kuma ya koma kusa da na dunƙule. Ku rubuta zafi da tsawon lokaci daidai. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar gasawa, ku rubuta. Ku kare samfurinku daga ƙurar hunturu, domin ƙwaya ɗaya na iya zama mafarin rami.

Na uku, kada ku amince da na'ura ɗaya. Mai auna kauri da haske da mai auna motsin sarƙoƙi da lantarki ba abu guda suke gani ba, kuma saurin sanyayawa yana sauya amsar. Wannan na daga cikin dalilan da masana suka daɗe suna saɓani a fagen nan.

Ina nacewa ne don aikin yana da nauyi. Fatar da ake zana da'irar kwamfuta da ita, da siririyar fatar poliamaid mai tace gishiri daga ruwan teku, duk a irin wannan ƙaramin kauri suke aiki. Alƙalumanku ne injiniya zai dogara da su, don haka ku ba shi su tare da cikakken bayanin yadda kuka same su.

Allah Ya yi wa aikinku albarka.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a wannan fage