"Ba Ni Na Aike Shi Ba" Ba Ta Isa Hujja Ba

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, gidan haya ya zama haja mai tsada a garin, kuma da wuya ɗalibin da ya zo daga Funtua ko Kaduna ya ga mai gidan da ido. Wanda yake gani shi ne mai riƙe da makullai, wanda zai buɗe masa ɗaki, su yi tsada, ya karɓi kuɗin shekara. Haka abin yake a kara, inda baƙo ba ya taya dabba sai ta bakin dillali, haka a shagon hatsi a Kurfi, inda yaro ke zaune maigida yana Katsina. Ranar da ciniki ya lalace, amsar da aka saba ji ita ce: "Ba ni na aike shi ba." Ina ganin wannan amsa ta daɗe tana cin dukiyar mutane ba da haƙƙi ba, domin shari'ar Musulunci da dokar boko duk ba su karɓe ta yadda masu faɗinta suke zato ba.

Asalin hukuncin a fili yake. Abin da wakili ya ƙulla a cikin iyakar da aka ba shi, wanda ya wakilta shi ne ya ƙulla. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan kotunan shari'a na jihar Katsina suke hukunci da ita daga littattafai irin su Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, wakili amintacce ne: ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya ƙetare umarni ko ya yi sakaci. In kuma ba a fayyace masa iyaka ba, al'adar kasuwa ce take fayyace ta. Nan ne gizo ke saƙa. Maigidan da ya zaunar da yaro a shago shekara uku, yana saye yana sayarwa yana karɓar bashi a gaban idon kowa, ya riga ya faɗa wa gari cewa wannan bakinsa ne, ko da bai taɓa furtawa ba. Dokar da Nijeriya ta gada daga Ingila ma a kan haka ta tsaya: wanda ya bar jama'a suka fahimci cewa wani wakilinsa ne, ba zai zo daga baya ya fake da wani umarni da ya raɗa masa a zaure ba. A 1912 kotun ƙoli ta Ingila ta wancan zamani ta ɗora wa wani ofishin lauyoyi biyan wata mata da mijinta ya rasu, wadda magatakardan ofishin ya yaudara ta sa hannu a takardun mallaka masa gidajenta biyu, alhali masu ofishin ko kwabo ba su ci ba. Dalilin shi ne su suka zaunar da shi a kujerar da matar ta amince da ita.

Masu dukiya za su ce wannan zalunci ne: mutum ya ɗauki yaro don ya rufa masa asiri, yaron ya ci amana, sannan a ce maigida ya biya? Ƙorafin yana da nauyi, amma a dubi mutanen biyu da ɓarnar ta faɗa tsakaninsu. Ɗaya shi ya zaɓi yaron, ya san gidansu, yana iya duba littafinsa kowane dare, yana iya korarsa, kuma shekara da shekaru ribar hannunsa yake ci. Ɗayan baƙo ne da ya ga shago a buɗe ya shiga. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma biyan baƙo bai wanke yaron ba. Maigida yana da damar binsa har kotu ya karɓi abin da ya biya. Babban Bankin Nijeriya ma wannan hanya ya bi a ƙa'idojin da ya fitar a 2013 kan wakilan bankuna: bankin da ya ɗauki wakili shi ke da alhakin abin da wakilin ya aikata a cikin aikin wakilcin. Mutane da yawa da suka dogara da masu POS lokacin ƙarancin takardun kuɗi na 2023 ba su san cewa kokensu bai tsaya a bakin rumfa ba.

Sai dai ƙa'idar tana da iyaka, kuma dillalan filaye ne suka fi son a manta da ita. Riƙon makulli yana nuna ikon ba da haya, ba ya nuna ikon sayar da gida. Dillalin da aka ce ya nemo mai saye, aikinsa ya haɗa fuska da fuska ya karɓi la'adarsa. Karɓar kuɗin gona gaba ɗaya wani iko ne dabam. Wanda ya sayar da abin da ba nasa ba kuma ba a wakilta shi ba, Malikiyya ta rataye cinikin a kan yardar mai abu: ya amince ya tabbata, ya ƙi ya warware. Wannan shi ya sa gonar gado take yawan kai mutane kotu, domin babban wa ba ya zama wakilin ƙannensa mata don kawai ya girme su. A dokar boko kuwa, tun wani hukunci na 1857, wanda ya ce shi wakili ne alhali ba shi da ikon, shi zai biya hasarar da kansa, ko da a ransa ya gaskata yana da shi. Mai sayen da ya zube miliyoyi a kan fili bai nemi ganin magada ko mai unguwa ba, ba zai yi kukan da ɗalibin haya zai yi ba, domin al'ada ba ta taɓa ba dillali wannan iko ba.

Akwai kuma dillalin da ke ɓoye mai kaya. Yana da dalilinsa na kasuwa, yana tsoron a zagaye shi a hana shi la'ada. To amma wanda ya ƙulla ciniki da sunansa ya sa wuyansa, kuma mai saye yana da ikon kama shi, ko ya bi mai kayan in ya bayyana. Tsohuwar al'adar kara ta san wannan tun kafin zuwan Bature: dillali ne ke tsaya wa baƙon da ya sauka wurinsa, shi ake tambaya in aka zo cigiyar saniya. Satar shanu a yankin dajin Rugu ta mai da wannan lamuni abu mai haɗari, har a 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Dutsin-Ma. Dillalin da ya ce bai san mai dabba ba, ya kuma miƙa hannu ya karɓi la'ada a kanta, ya amsa da bakinsa cewa bai yi aikin da aka biya shi dominsa ba, kuma sarkin dillalai yana da hurumin ya fara tambayarsa kafin magana ta kai ga 'yan sanda.