Ɗan Boko Ne Ya Dace Da Gareji

Yau ku yi mini haƙuri, na jingine labarin da muke ciki, saboda wata magana da ta tsaya mini a rai tun da na dawo daga Kanya Babba, can ƙasar Ɓaɓura, wajen sunan 'yar ƙanwata.

Ɗan yayana ya gama sakandare shekara biyu ke nan, ya zauna JAMB sau biyu bai samu gurbi ba. Da daddare ya same ni ya durƙusa, ya ce, "Gwaggo, ki roƙar mini Baba ya bar ni in tafi Kano koyon kanikanci." Da na kai wa Yaya maganar sai ya ɓata rai, wai bai biya kuɗin jarrabawa don ɗansa ya kwanta a ƙarƙashin mota ba. In gareji ne, ga ƙaninsa nan da ya ƙi makaranta tun aji huɗu na firamare, shi za a kai. Na ce, "Yaya, Allah ya huci zuciyarka, amma ka juya lissafin."

Kafin in ga laifin Yaya, sai da na ga namu mu marubuta. Ni kaina littafi nawa na rubuta? Jarumina kullum ɗan Alhaji ne, ya dawo daga Landan, ya danna hon maigadi ya wangale get. Motocin nan da muke jera masa, ko sau ɗaya ba su taɓa lalacewa ba! In bakanike ya shigo labari, to saurayin da za a kora ne, mai baƙin mai a farce, ƙawaye na toshe hanci. Shekara da shekaru muna ɗura wa 'yan mata da iyayensu wannan, yau kuma mu yi mamaki?

Alhali sana'ar ta bar inda Yaya ya san ta. Shi zamanin Fijo 504 yake tunawa, wadda ake haɗawa a Kaduna, lokacin da ƙwararren bakanike zai kasa kunne ya ji kukan inji, ya hura kafireta, ya kankare filogi, mota ta tashi. Motocin da ke shigo mana yanzu, 'yan Kwatano da 'yan Baljiyam, kwamfuta ce ke raba musu mai da iska. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur. Nan ake jona na'urar bincike, mota ta faɗi ciwonta da bakinta. Amma da wane yare? Da lamba da Turanci. In ta rubuta P0301, tana nufin silinda ta ɗaya ba ta cin wuta daidai. Yaron da bai iya haɗa baƙi ba, me zai yi da wannan? Canke zai koma yi, ya sa ka sayi famfon mai, bai yi ba, ya sa ka sayi nozul, har aljihunka ya ƙare alhali kwayil ɗaya ce ta mutu.

Rashin karatun nan kuwa kowa na biyan kuɗinsa. Dubi al'adar cire tamostat a haɗa fanka kai-tsaye, wai ƙasarmu zafi gare ta. Injin ba zai kai zafin da aka tsara masa da wuri ba, kwamfuta ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta yi ta ƙara mai. Da fetur yana ƙasa da naira 200 ba wanda ya damu. Tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, har lita ta haura naira 1,000 a 2024, direban da ke jigilar Ɓaɓura zuwa Kano ya san bambancin a cinikinsa na yini. Ga kuma mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG da gwamnatin tarayya ta ɓullo da shi a 2023, aikin da kuskure kaɗan a cikinsa rai ne.

Ban ce hanyar shimfiɗe take ba. Yaron gareji yakan shekara uku zuwa biyar ba albashi, sai na abinci. Wani ubangidan shekara guda zai yi yana aikensa sayen koko da wanke sifana, bai nuna masa komai ba. Akwai kuma masu cin amana, su karɓi kuɗin sabon kaya su ɗaura tsoho daga Ƙofar Ruwa, su ne suka ɓata wa sauran suna. Saboda haka na ce wa Yaya, kada a jefa yaro gareji don an gaji da ganinsa. A nemo ubangida mai na'ura kuma mai tsoron Allah, a zauna da shaidu a yanke shekarun koyo. In ya ƙware ya zauna jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, daga mataki na uku zuwa na ɗaya, ya riƙe takarda. In yana son ƙari, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu nan a Kazaure, ba nisa.

Kuma ba Kano nake so ya dawwama ba. Motar da ta kai mu sunan ta kunna fitilar inji a hanya, direban ya ce sai ya koma birni za a duba masa. Ranar aiki guda ta tafi, ga kuɗin mai. Wanda ya dawo yankin nan da na'ura da ilmin karanta ta, ba zai zauna jiran kwastoma ba.

Yaya dai bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da zan taho ya rako ni bakin mota, ya tambaye ni nawa ake sayar da na'urar. Na ce zan tambayo masa in aiko da amsa kafin Juma'a.