Wankin Ciki Da Shayin Rage Ƙiba: Wane Datti Ake Wanke Mana A Garwa?



Duk mai WhatsApp ko Facebook a Garwa, Marwa ko Ngaundare ya san tallar nan. Ana nuna kwalba ko ƙunshin shayi, a ce cikin kwana bakwai zai wanke dattin ciki, ya tace jini, ya narkar da teɓa, ya kori basir. 'Yan boko na kiransa ditoks, mu kuwa wankin ciki muka sani. Kasuwarsa tana buɗewa gab da azumi da bayan Sallah. Wasu ma har rubuta masa "maganin Musulunci" suke yi. Tunda an shigo da sunan addini cikin cinikin, dole mu ma mu tofa albarkacin bakinmu.

Tambayar farko ita ce: wane datti ake wankewa? Allah Maɗaukakin Sarki Ya halicce mu da masu aikin wanki biyu, hanta da ƙoda. Hanta ce ke karya gubar da ta shiga jini. Ƙoda kuwa tana tace ruwan jini kimanin lita 180 a kowace rana, ta maido da kusan duka, ta fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Babu shayin da bincike ya tabbatar yana yi musu wannan aiki. Wanda hantarsa ko ƙodarsa ta gaza, likita yake buƙata.

To me ya sa mai sha yake jin ya yi sakayau? Da yawa daga cikin haɗe-haɗen nan suna ɗauke da maganin sa gudawa irin filasko, ko mai sa yawan fitsari. Abin da ya fita ruwa ne da gishirin jiki, kitse yana nan inda yake. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, mai azumin da ya sha irin wannan da sahur ya ɗora wa ƙodarsa nauyi biyu. Idan dattijo ne mai hawan jini ko ciwon suga, hatsarin ya ninka, musamman idan an zuga shi ya ajiye maganin asibiti.

Wannan ba tsoratarwa ba ce kawai. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a ƙasar Beljiyam suka kamu da ciwon ƙoda bayan shan haɗin ganye na rage ƙiba a wani asibiti a Brussels. An gano akwai wani tsiro mai guba a ciki, ɗan uwan wanda muke kira duman dutse. A 2010 ƙasashen Turai da Amurka suka janye maganin rage ƙiba mai suna sibutramine saboda yana ƙara hatsarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma hukumomin magunguna na ci gaba da gano shi a ɓoye cikin shayin da aka rubuta wa "zallar ganye".

Mu ma a Kamaru mun ga illar kwalbar da ba a san cikinta ba. A 2023 yara ƙanana suka rasu a Fundong, yankin Arewa maso Yamma, bayan shan maganin tari mai suna Naturcold. A watan Yuli na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa an samu guba mai lalata ƙoda a cikinsa. Wannan fa yana da kwali da suna. Ina ga wanda aka ɗura a tsohuwar robar ruwa a tashar mota?

Wanda ke son sanin darajar ƙoda ya leƙa sashen wankin ƙoda na asibitin yanki a Garwa. Shirin kula da lafiyar jama'a da gwamnati ta ƙaddamar a Afrilun 2023 ya rage kuɗin wankin sosai. Amma bai rage awa huɗu na zama a jikin na'ura sau biyu ko uku a mako ba, bai kuma biya kuɗin motar mai zuwa daga Gidar ko Poli ba.

Abin takaici, gubar gaske tana cikin rumbunmu, ba mai tallar maganinta. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suna yin funfuna mai fitar da gubar aflatoksin, wadda aka tabbatar tana haddasa kansar hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A 2004 ta hallaka mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. A nan kuwa, gyaɗar da ta yamushe ko ta canza launi akan sayar da ita da araha, ta koma ƙuli-ƙuli da tunkuza. Idan ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a arewacin Kamaru, hatsarin kansar yana ninkuwa sau da yawa. Sai a 2005 aka sa rigakafin wannan ciwo cikin alluran jarirai a ƙasar nan, don haka yawancin manyanmu ba su samu ba. Kuɗin shayin wata guda, gara a kai shi ga gwajin hanta da allurar.

Me za mu ci, me za mu rage? Abincinmu na gado ya wadatar: tuwon dawa da gero, wake, miyar kuka, yakuwa, zogale, tafasa, kifin Lagdo, nonon da aka tafasa, da mangwaro ko kankana a lokacinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, gishiri ƙasa da giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya har da wanda ke cikin dunƙulen magi, suga kuma kada ya wuce ƙaramin cokali 12 ga babba. Kwalbar lemo ɗaya ta kusa cinye wannan adadi. Folere, wato zoɓo, ba shi da laifi, sugar da muke antaya masa ce matsalar. A rage man da aka soya sau da yawa, a bar shan maganin ciwon jiki barkatai, a sha ruwa mai tsabta tsakanin buɗa baki da sahur.

Addininmu ya riga kowa. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya koyar da raba ciki uku tsakanin abinci, abin sha da numfashi. Azumi ibada ce da muke yi don Allah, kuma wanda ya wuni da yunwa ya cika ciki da soye-soye da dare bai bi wannan koyarwa ba. Zuma da habbatus sauda suna da asali a Sunnah, amma laƙaba sunansu a kan haɗin da ba a bayyana cikinsa ba algus ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya barranta daga mai algus.

Muna kira ga limamai su lura da abin da ake tallatawa a ƙofar masallaci ranar Juma'a, domin jama'a na ɗauka da yawun malam ake sayarwa. Ɗalibai kuma, musamman na fannin lafiya a Jami'ar Garwa, su karanta wa iyayensu abin da ke jikin kwali. Wanda bai rubuta abin da ya haɗa ba, a bar masa kayansa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare mu daga cutar da kanmu da hannunmu. Amin.