Yaron da Aka Kai Rami Ɗanmu Ne

Tun da sojan Faransa suka tattara nasu ya nasu a Disamban 2023, akwai maganar da ke yawo cikinmu ɗalibai a fadojin shayi: wai duk wanda ya sa kakin Nasara a zamanin mulkin mallaka karen farautarsu ne, a bar shi ya ruɓe inda ya faɗi. Ƴan uwa, ni dai ban yarda ba.

Mu duba yadda Damagaram take lokacin da yaƙi ya ɓarke a 1914. An ci mu a Tirmini tun 1899. A 1906 Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa, suka ɗora Ballama, bawan fada, ya riƙe musu gari. Daga 1911 Zinder ce hedkwatar mulkinsu na soja. Kwamandan zai yanka wa kowane mai sarauta adadin samarin da zai kawo. To, ɗan wa za a bayar? Ɗan mai sarauta? Haba! Maraya ake kamawa, da ɗan bawa, da ɗan talakan da ba shi da mai tsaya masa. Mai ƙafa ya tsallaka ƙasar Ingilishi, wajen Daura da Katsina.

A danginmu ma akwai guda, ƙanen kakan mahaifiyata, daga wani ƙauye a ƙasar Mirya. Tsofaffi sun ce ko aure bai yi ba. Daga gona aka tafi da shi, har uwarsa ta rasu ba ta yarda an raba ƴan kayansa ba.

Irinsa aka laƙaba wa suna tirayer na Senegal, alhali ko hanyar Senegal ba su sani ba kafin a kama su. A ranar 16 ga Afrilun 1917, a tudun Chemin des Dames, Janar Mangin ya tura su gaba cikin ruwa da ƙanƙara. Yaron da ya tashi cikin zafin bazara, yatsunsa sun daskare har ba ya iya riƙe bindiga, ga taɓo har gwiwa, ga waya mai ƙaya, ga bindigogin Jamus na aman wuta. Dubbai suka zube cikin ƴan kwanaki. A yaƙin gaba ɗaya, kusan 30,000 daga cikinsu ba su komo ba. Da yawansu ba wanka, ba likkafani, ba wanda ya juya fuskarsu gabas.

Na san abin da za ku ce: ai da tirayer aka ci Tirmini, da su aka murƙushe Kawsan a Agadas a 1917. Gaskiya ne. Amma idan aka sare ka da gatari, da ƙotar za ka yi shari'a ko da mai sara? Ƙotar ma daga dajinmu aka saro ta. Ku tuna sakayyar da aka yi wa na bayansu: a Thiaroye, 1 ga Disamban 1944, harbe su aka yi don sun nemi kuɗinsu. A 1959 aka daskarar da fanshon waɗanda suka rayu. Wannan ne ladan ɗan gaban goshi?

Faransa ta ci amfaninsa ta yar. Idan mu ma muka yar da shi, mun ƙarasa mata aikin ke nan. A Yamai an cire sunan De Gaulle daga titi an sa na Djibo Bakary, madalla. Sai dai sauya allo aikin yini guda ne, nemo sunan ɗan talaka shi ne mai wuya.

Ga abin da nake kira gare shi. Hutun nan, kowa ya zauna da tsohuwar gidansu ya tambaya: wa aka kama a zamanin Ballama? Ku rubuta sunansa, na ubansa, da ƙauyensu. Masu intanet su leƙa Mémoire des hommes, rumbun da ma'aikatar sojan Faransa ta zuba katunan mamatan yaƙin, su nemo waɗanda aka haifa a ƙasar Zinder. Mu haɗa, mu buga a wannan ɗan littafi, a karanta a Jami'ar André Salifou da Lise Kuran Daga, a yi musu addu'a da sunansu. Tsofaffin da suka ji daga bakin waɗanda suka gani ƙarewa suke yi, kowace damina da wadda take tafiya da ita.