Jif tokumbo: abin da ya kamata ɗan fim ya sani kafin ya kama hanyar Daura

Duk wanda ya san Daura tsakanin 2015 da 2023, lokacin da marigayi Muhammadu Buhari ke zuwa gida hutun Sallah a matsayin shugaban ƙasa, ya san garin ya sha kallon manyan motoci. Haka ma duk shekara idan Sallar Gani ta kewayo, sai ka ga jif-jif sun yi layi daga ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, har wajen rijiyar Kusugu. To, wannan sha'awa ta daɗe da shiga industiri. Da zarar jarumi ko jaruma sun yi fim biyu uku da suka karɓu, ko furodusa ya samu ɗan canji daga YouTube, magana ta farko ita ce, "Ai yanzu sai jif." Sabuwa dal kuwa sai wane da wane, don haka yawanci tokumbo ake saye, ko ta hannu wadda wani Alhajin ya gaji da ita.

Abin da ba a cika faɗa wa 'yan fim ba shi ne, jif ɗin da ta shekara goma sha biyar kuɗinta ne kawai ya sauka, amma cinta bai sauka ba. Don mai hali aka ƙera ta, kuma har gobe kayan gyaranta na mai hali ne. Mutanen Daura sun fi kowa gane wannan, domin sun san sayen doki daban, harawa da dawar da zai ci kullum daban. Shi kuwa ɗan fim samunsa ba na wata-wata ba ne. Yau akwai, gobe babu. Shi ya sa filin namu na wannan wata ya tattaro tambayoyin da masu irin waɗannan motoci suka fi yi.

TAKARDU KAFIN FENTI

Masarautar Daura a bakin iyaka take. Ga Kwangwalam a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, ga Babban Mutum ta wajen Baure, don haka shingen kwastan ba baƙon abu ba ne a hanyoyin yankin. Tun ranar 1 ga Janairu, 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma hakan bai hana 'yan fito shigo da su ta ɓarauniyar hanya daga Kwatano ba. Irin waɗannan su ne dillali zai kawo da araha, ya ce "takardu suna hanya." Araha dai ba ta ado. Mai saye ya karɓi takardar duti, ya gwada lambar cesis da ke jikinta da wadda ke ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba, sannan ya je ofishin kwastan da ƙafarsa a tabbatar masa. Idan aka kama motar a hanya ana tsakiyar tafiya lokeshan, ba ruwan jami'i da cewa mutum tauraro ne.

Lambar cesis ɗin nan, wadda haruffa da alƙaluma 17 ne, tana da wani amfanin. Idan motar daga Amurka ko Kanada ta fito, ana iya binciken tarihinta a intanet a wurare irin su Carfax, a ga ko ta taɓa haɗari, da yawan tafiyar da ta yi. Motoci da yawa da ake kawowa an saye su ne a gwanjon kamfanonin inshora bayan haɗari ko ambaliya, irin wadda guguwar Katrina ta haddasa a 2005 da ta Harvey a 2017. Motar da ta sha ruwa wayoyinta ba sa ƙara lafiya. A ɗaga kafet a sansana, a duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru. Wadda ta fito daga garuruwan ƙanƙara kuma a leƙa ƙarƙashinta, domin gishirin da suke zubawa a titi yana cinye ƙarfe. Sannan a tuna agogon motar Amurka da mil yake lissafi: mil 150,000 kimanin kilomita 240,000 ne.

Ga wata dabara da ba ta cin ko kwabo. A murɗa makulli ba tare da an tayar da injin ba, a ga ko duk fitilun gargaɗi sun kama, musamman ta injin da ta jakar iska. Idan wata ba ta kama ba, to wataƙila wani ya cire ƙwan ne don ya ɓoye ciwo. Bayan haka a nemi mai na'urar binciken mota ya jona ta, domin duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wurin jonawa a ƙasan sitiyari.

KOWACE DA CIWONTA

Range Rover ita ce sarauniya a idon 'yan kallo, amma a kan jakunkunan iska take tsaye, ba a kan sifirin ba. Idan robar ta tsufa sai ta tsage, injin hura iskar ya yi ta aiki har ya ƙone. Alamar ita ce mutum ya ajiye ta da daddare tsaye, da safe ya tarar ta durƙusa gefe ɗaya kamar raƙumi. Masu ita da yawa sukan cire jakunkunan su sa sifirin na ƙarfe. Taushin tafiyar zai ragu, amma hankali zai kwanta. Lexus GX470 ma tana da irin jakunkunan a baya. Ita kuwa LX470 da wani ruwa na musamman take ɗagawa da saukewa, kuma idan bakanike ya zuba mata man birki a wurin, ya gama da ita.

Lexus RX300, ta 1999 zuwa 2003, an san ta da ciwon giya da kuma daskarewar baƙin mai a cikin injin idan ana jinkirin juye. Ita da RX330 da GX470 da LX470 duk da taimin bel suke aiki, kuma kamfanin ya ce a canja shi duk mil 90,000. A wasu daga cikinsu idan ya tsinke ana tafiya, sai ya lanƙwasa bawul, aikin ya koma na sauke injin. Wanda bai san ranar da aka canja shi ba, ya ɗauka ba a taɓa canjawa ba. RX350 sarƙa gare ta, ba bel ba, sai dai ta 2007 zuwa 2009 tana da wani ɗan tiyon mai na roba da kan fashe ya zubar da man injin cikin 'yan mintuna, kuma akwai na ƙarfe da ake maye gurbinsa da shi. Mercedes ML350 ta 2006 da 2007 kuma tana da wani haƙori a cikin injin da ke saurin cinyewa, wanda gyaransa sai an fito da injin gaba ɗaya.

ABUBUWA UKU DA BA A BARIN BAKANIKE YA YI

Na farko, cire tamostat. An saba cewa wai don ƙasar sanyi aka sa shi. Ba haka ba ne. Idan aka cire shi kwamfutar motar za ta ɗauka injin bai yi zafi ba, ta yi ta ƙara masa mai. Na biyu, zuba ruwan rijiya a lagireto. Ruwan sanyaya injin na gaske ba ya saurin tafasa kuma ba ya kawo tsatsa, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Daura ke haura digiri 40, wannan bambancin shi ne tsakanin isa gida da ƙona gasket. Na uku, cire abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, shi ya sa wasu ke saurin cewa ya toshe. Mai mota ya tsaya a kan motarsa, ko ya bar wanda ya yarda da shi.

Haka nan batun mai. Kowane injin da kaurin man da aka rubuta masa, yawanci a jikin murfin wurin zubawa, kuma ba kowanne ne ke son mai kauri irin na tsofaffin Fijo ba. Man giya ma iri-iri ne. Ko a gidan Toyota akwai T-IV akwai WS, kuma ba a musanya su. Lokacin hunturu kuwa ƙura kan toshe matatar iska da wuri, don haka a riƙa duba ta ba sai ranar sabis ba.

SHIN TANA SHIGA RAIRAYI?

Wannan tambaya daraktoci ne suka fi yin ta, domin ƙauyukan Zango da Sandamu da Baure suna da kyan hoto, amma hanyoyinsu yashi ne. Amsar ita ce ba kowace jif ba. RX da Highlander da yawa tayoyin gaba kawai ke ja, ba su da maraba da ƙaramar mota illa tsayi. Prado da Land Cruiser da GX da LX su ne ke da giyar ƙarfi ta shiga daji. A yashi mai zurfi rage iskar taya kaɗan yana taimakawa, amma a mayar da ita da zarar an hau kwalta. Su ma tayoyin a duba shekarunsu: alƙaluma huɗu na ƙarshe a lambar DOT su ne mako da shekarar da aka yi su, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya a kan kwalta mai zafi, da mota mai nauyi da tsayi, ita ce ke kawo ƙundumbala, Allah ya kiyaye.

LISSAFIN MAI

Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Jif mai silinda takwas ba ta cika wuce kilomita 6 ko 7 a lita ɗaya ba. Daga Kano a bi ta Kazaure zuwa Daura a dawo, tafiya ce da ta haura kilomita 250, wato kusan lita 40 ke nan, ban da wanda za a ƙona ana zaune da esi ana jiran darakta ya ce a fara. Corolla rabin haka ya ishe ta. Kuma a guji man 'yan bumburutu, domin famfon mai da nozul na waɗannan motoci ba sa jure datti. Waɗanda gurɓataccen fetur ɗin Fabrairun 2022 ya kashe wa injin ba su manta ba.

Sai batun aro. A industiri da wuya mai jif ya tsira daga, "Yallaɓai, a taimaka mana da ita za mu ɗauki fitowar Alhaji." Ba laifi a taimaka, amma a bayar da ita da direbanta, a kuma yi magana tun farko kan wanda zai zuba mai da wanda zai biya idan an fasa fitila, domin fitila ɗaya sai ta cinye kuɗin sallamar jarumi.

Kafin a biya dillali, mutum ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ya tambayi kuɗin giya da shokozoba da kwamfutar motar da yake so. Idan farashin bai tayar masa da hankali ba, kuma zai iya ware kuɗin gyara ba tare da ya taɓa jarin fim ba, to Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Idan kuwa sai ya sayar da fili ko ya ci bashin 'yan kasuwa, gara ya riƙe ƙaramarsa, ya zuba kuɗin a sabon shiri. Masu kallo fim suke jira, kuma jif ba za ta ƙare a kasuwa ba.