Haƙori Na Faɗar Shekaru, Amma Ba Ya Faɗar Ranar Haihuwa

A ranar 1 ga Nuwamba, 2024, an gurfanar da wasu matasa, da yawansu daga Kano da Kaduna, a gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa zargin shiga zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan shekarar. Wasu daga cikinsu sun yanke jiki sun faɗi a zauren kotu. Nan take gardama ta kaure: lauyan masu gabatar da ƙara ya ce manya ne, jama'a kuwa suka ce ƙananan yara ne. Daga bisani Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Sai dai tambayar da lamarin ya bari ta shafe mu har a Dudunni da sauran ƙauyukan Kankiya da Kusada: idan yaro ba shi da takardar haihuwa, wa zai tabbatar da shekarunsa?

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, kuma shari'arsa da wurin tsare shi dabam suke da na baligi.

Amsar da likitoci ke bayarwa ba baƙuwa ba ce gare mu. Duk mai sayen ragon layya a kasuwar Charanchi yakan buɗe bakin dabba ya duba haƙora kafin ya taya. Haka abin yake ga ɗan'adam. Yaro kan fara famfara wajen shekara 6, lokacin da turmin farko ke fitowa; na biyu kan biyo baya wajen shekara 12. Hoton muƙamuƙi da ake ɗauka a asibiti yana nuna abin da ido ba ya gani, wato yadda haƙori ke ginuwa a cikin ƙashi tun daga kansa har zuwa rufewar saiwarsa. A shekarar 1973 Demirjian da abokan aikinsa suka kasa wannan girma zuwa matakai 8, suna auna haƙora 7 na ɓangaren hagu na muƙamuƙin ƙasa. Masana sun fi amincewa da haƙori a kan tsawo ko ƙiba, saboda rashin abinci mai gina jiki bai cika jinkirta shi sosai ba.

To amma a nan gizo ke saƙa. Da farko, a kan yaran Kanada aka gina wannan ma'auni, alhali binciken da aka yi a Afirka ta Kudu ya nuna turmin ƙarshe kan riga kammala girma a jikin baƙar fata. Ke nan ma'aunin Turawa na iya ƙara wa yaronmu shekarun da bai kai ba. Na biyu, haƙoran nan 7 sukan gama girma wajen shekara 16, sai a dogara ga turmin ƙarshe kaɗai, wanda kuskurensa kan kai shekara 2 gaba ko baya. A daidai inda doka ta ja layi, nan ne ma'aunin ya fi rauni. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙungiyar likitocin haƙora ta Birtaniya ta ƙi amincewa da amfani da hoton wajen tantance shekarun 'yan gudun hijira.

Ra'ayinmu shi ne, hoton haƙora shaida ce mai taimaka wa alƙali, ba hukunci ba. Inda aka samu shakka, adalci shi ne a ɗauki matashi a matsayin yaro.

Maganin gaskiya yana hannunmu, kuma ya fi araha. Tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma binciken 2021 ya nuna kashi 57 cikin 100 kawai na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajista, kuma karkara ce aka fi bari a baya. Muna kira ga dagatai, masu unguwanni, limamai da ungozomomi da su sa rajista ta zama wani ɓangare na hidimar suna. Kamar yadda ake raɗa wa jariri suna a rana ta bakwai, a tabbatar an rubuta sunan da ranar haihuwarsa a ofishin hukuma. Rigakafi ya fi magani, kuma takardar da uba ya karɓa yau ita za ta yi wa ɗansa magana gobe.